Kwalin 'Yan Bola Jari Zai Iya Zama Bangon Littafi

Malaman makarantun Tudun Kaya, kada ku raina kwalin taliya da na sabulu. A birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina, tun 2003 ƙungiyar Eloísa Cartonera take sayen kwali a hannun masu tsintarsa a titi, da farashin da ya ɗara na kasuwa, tana yin bangon littattafai da shi.

Ku ma ku nemi busasshen kwali wurin 'yan bola jari, kuma don Allah ban da tayin wulaƙanci, guminsu ne. Kwalin da ya sha ruwa ko manja a bar shi. A yanka busasshen ya ɗan fi takarda faɗi, a ninke takardun gida biyu, a huda tsakiya da basilla, a ɗinke da zare mai ƙwari. Yara su zana bangon da hannunsu.

Ku fara da aji ɗaya a wannan zangon karatu.