Ku Cire Iyafis Ɗin Nan Mu Yi Magana, 'Ya'yana

'Ya'yana, samarin Head Bridge, ku matso kusa. Na daɗe ina lura da wasunku da yamma bayan an gama sauke albasa. Sai ka ga yaro ɗan shekara 16 ya raɓe a gindin tirela, ya toshe kunnuwa da iyafis, ba ya kula kowa. Abinci sai an matsa masa, barci sai gab da asuba. Abokai su ce miskilanci ne, maigidansa ya ce lalaci. Sau da yawa kuwa ciwo ne, likitoci na ce masa ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. To, ina ga wanda ya baro mahaifiyarsa a Sakkwato ko Maraɗi ya faɗo Anacha, ba yaren gari, ba dangi?

Ba zan ce ku daina jin waƙa ba. Mu da muka tashi a karkara mun ga aikinta: makaɗi na bin manoma ranar gayya, iyayenmu mata na lugude suna rera abin da ba sa iya faɗa wa kowa. Marigayi Ɗanmaraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa, yaran mota suka ji cewa an san da zamansu.

Likitocin da can ma sun san haka. A birnin Edirne na Turkiyya, asibitin da aka kammala a 1488 zamanin Sarki Bayazid na Biyu yana jinyar masu taɓin hankali da kiɗa da ƙarar ruwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jinya da kiɗa ta zama sana'a a Amurka, inda aka fara da sojojin da suka dawo a firgice. Gwanin yakan zauna da mara lafiya, ya miƙa masa ganga, ko su tsara baiti tare, har abin da ya tokare ƙirji ya sami hanyar fita. Masana da suka tattara bincike a 2017 sun ga cewa idan aka haɗa wannan da maganin asibiti, an fi samun sauƙi a kan maganin shi kaɗai.

Ku lura, a duk waɗannan akwai wani mutum a kusa. Abin da ke damuna ke nan da iyafis. Yaro ya kaɗaita yana maimaita waƙar rabuwa sau talatin, yana ƙara nutsewa. Ka gwada kanka, ɗana: in waƙar ta ƙare, zuciyarka ta yi sanyi ko ta ƙara nauyi? In nauyi ne, canza ta. Ka buɗe baki ka rera tare da 'yan'uwanka. Wanda malaminsa ya hana shi kiɗa, ga ƙasida, ga majalisin Ishiriniya, ga karatun Alƙur'ani cikin jama'a.

Kasuwar magani tana nan kusa da mu, don Allah kada ku nemi sauƙi a tiramol ko kodin. Ba banza gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 ba.

In ƙuncin ya wuce mako biyu, asibiti ya kamata. Akwai na ƙwaƙwalwa a Nawfia nan Anambra, akwai na tarayya a Inugu, 'yan Fatakwal kuma suna da na Rumuigbo. In har ranka ya fara raya maka kashe kanka, kada ka kwana da shi, ka faɗa wa liman ko maigidanka a ranar. In kunya ta hana ka, zo ka same ni a rumfa bayan la'asar, ni zan raka ka.