Kulle Kwamfutarka da Kalmar Sirri

Idan kwamfuta ɗaya kuke amfani da ita a gida ko shago, buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirrinsa. Asusun mai gudanarwa, mai ikon saka manhaja da taɓa fayilolin kowa, ka riƙe shi kai kaɗai.

Kalmar kuwa ta yi tsawo. Kalmomi huɗu marasa alaƙa da juna sun fi sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa, waɗanda kowane maƙwabci zai iya canka. Don Allah kada ka rubuta ta a takarda ka manna jikin allo. A Windows, danna maɓallin Windows tare da L don kulle kwamfutar duk sanda za ka tashi, ko da alwala za ka yi. A Linux, umarnin passwd ne ke canza kalmar sirri.