Yadda Ake Koyon Auna Hasken Kyamara a Gonakin Rani

A Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bin kanal yana raya shinkafa da alkama da tumatir, mai koyon ɗaukar hoto yana da duk abin da yake bukata: rana mai ƙarfi, ruwa mai gudu da hazon hunturu. Abin da zai fara koya shi ne auna haske. Kamar ban-ruwa yake: manomi yana duba faɗin bakin da ya buɗe da tsawon lokacin da ya bar shi a buɗe; haka mai hoto yake duba faɗin ƙofar haske da saurin ƙiftawar kyamara. Idan haske ya yi yawa hoto ya ƙone, idan ya yi kaɗan ya yi duhu.

Da farko ka yi sallama da mai gona, ka nemi izininsa. Sannan ka juya kyamara zuwa harafin M, inda kai ne mai zaɓar komai. Idan rana ta take, ka sa ISO (wato ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, ƙofar haske a f/16, saurin ƙiftawa a 1/125. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ce, daga nan ake farawa.

Sai ka gwada ƙofar haske. Ƙaramar lamba na nufin babbar ƙofa. Ka matsa kusa da kwandon tumatir ka ɗauka a f/16, za ka ga kwandon da gonar bayansa duk sun fito tas. Ka koma f/4, sai kwandon ya fito shi kaɗai, baya ya yi dishi-dishi. Amma tunda ka faɗaɗa ƙofa, dole ka rage lokaci. Kowane mataki ninki biyu ne: f/11 yana tafiya da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, f/4 da 1/2000.

Bayan haka ka koma bakin kanal don saurin ƙiftawa. A 1/1000, ɗigon ruwa da fiffiken balbela suna tsayawa cik. A 1/15, ruwan zai fito sumul, amma sai da sassafe ko gab da magariba, kuma sai ka ɗora kyamara a kan abin da ba ya motsi, domin hannu yana rawa.

ISO shi ne na ƙarshe da za ka taɓa. Idan haske ya ragu, ka ɗaga shi zuwa 800 ko 1600, sai dai hoton zai fara yin tsaki-tsaki.

Ka kula da ƙyallin ruwa da farin hazo. Suna ruɗin ma'aunin kyamara, ya nuna haske ya isa alhali fuskar manomin ta yi duhu. A nan ka ƙara mataki ɗaya, ka sake dubawa.

Mai waya ma zai iya, ta sashen Pro, ko da yake yawancin wayoyi ba a canza musu ƙofar haske.

Babban sirrin shi ne ka canza abu ɗaya a kowane gwaji, ka rubuta lambobin, ka jera hotunan ka gwama. Wanda ya lazimci haka, idonsa zai riƙa sanin lambar da ta dace tun kafin ya ɗaga kyamara.