Baƙon Hanyar Imuwasu

Kishiyata, matso kusa, kunnen ya yi nauyi. Uwarki ta gaya mini tun da cikin nan ya zube kin daina zuwa sujada, wai kina addu'a kamar da bango kike magana. Ba faɗa zan yi miki ba. Ni ma na taɓa zama inda kike zaune.

Shekarar farin 1973 rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara, ga 'ya'ya huɗu. Da dare nakan durƙusa a bakin gado, in buɗe Littafi Mai Tsarki na babana, tsohuwar fassarar nan ta 1932 da bangonta ya ɓare, in kasa karanta ko layi ɗaya. Ban ji murya ba, ban yi mafarki ba. Sai dai wata maƙwabciyarmu, Musulma ce ma, takan turo 'yarta da kwanon dawa bayan isha'i, a rufe da faifai don kada kowa ya gani. Na ci, na gode mata, na ci gaba da ƙorafin Allah ya yi shiru. Sai da na yi furfura na gane wanda ke aiko kwanon.

Ki duba Luka sura 24. Kiliyobas da abokinsa sun bar Urushalima za su Imuwasu, tafiyar wajen mil bakwai, zuciya a karye. Yesu da kansa ya bi su, suna ba shi labarin mutuwarsa, har suna mamakin yadda bai ji ba! Duk tsawon hanyar nan ba su gane shi ba, sai da ya gutsuttsura gurasa, kuma suna ganewa ya ɓace musu. Wannan wurin nake so. Lokacin da suka fi jin an yashe su, a lokacin kafaɗarsa ke gogar tasu.

Masu ce miki rashin bangaskiya ne ya jawo, bar su, baki ne da su. Toma ya yi shakka mako guda, ba a kore shi daga ɗakin ba.

In addu'a ta ƙi fitowa, ki zauna shiru, ki yi kukanki, Yana ji. Ranar Lahadi ki zo ki riƙe mini sanda, mu zauna a bencin baya, ba sai kin yi waƙa ba. Yanzu jawo tuwon nan, tun ɗazu nake kallonki ba ki taɓa shi ba.