Matakan Zaɓar Makaranta da Unguwa Ga Mai Ƙaura da Yara Daga Ƙonni Zuwa Sakkwato

Mutumin Birnin Ƙonni ba ya ɗaukar Sakkwato wata ƙasa. Tafiya ce ta kilomita kamar 90, harshe ɗaya, dangi a kowane ɓangare, naira kuma tana yawo a kasuwar Ƙonni kafaɗa da kafaɗa da sefa. Mai albasa daga Galmi da mai dabbobi daga Badagishiri suna shiga suna fita ba su ji sun yi baƙunta ba. Sai ranar da aka kwashi iyali ake gane an ƙetare iyaka, kuma yaro ne ke fara ganewa, da zarar ya zauna a aji ya ga allo cike da Ingilishi. Ga matakan da za ka bi. Ka bi su a jere: makaranta ake fara nema, gida ya biyo baya.

1. Ku fara yanke tsawon zaman. Ka zauna da uwargida ku amsa tambaya ɗaya: shekara biyu ko uku za a yi a dawo, ko kuwa zama ne ba ranar komowa? Duk sauran shawarwari a kan wannan amsa suke tsaye. Kada ka ce "sai abin da hali ya yi", domin yaron da aka yi ta kai da kawowa tsakanin Faransanci da Ingilishi yakan tashi bai riƙe ko ɗaya ba.

2. Ka ɗauki takarda ka jera yaran, kowa da shekarunsa da ajinsa. A Nijar ana shekara shida a firamare, daga CI zuwa CM2, huɗu a kwaleji har BEPC, uku a lise har bakaloriya. A Najeriya shida ne a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, a rufe da WAEC ko NECO. In an bi lissafin shekaru, CI ita ce aji ɗaya, CM2 aji shida, 6e kuma JSS 1. Amma lissafin takarda ke nan. Harshe ne zai faɗi ajin gaskiya.

'Yan CI da CP ka tafi da su hankalinka kwance, sukan kama Ingilishi da wuri. 'Yan CE da CM ka sa a ranka za a iya mai da su baya da aji ɗaya, kuma ba abin kunya ba ne. Wanda ya kai 4e ko 3e, ko ya shiga lise, shawarata ka bar shi a Ƙonni, Malbaza ko Ilelar Nijar wurin kawunsa ko gwaggonsa ya gama jarrabawa. Shekara tara ko goma na Faransanci ba abin zubarwa ba ne saboda ƙaurar uba. In 'ya mace ce, ka tabbatar gidan da za ta zauna ba za a mai da ita 'yar aikace-aikace ko 'yar talla ba.

3. Ka haɗa takardu tun kana gida. Kowane yaro yana buƙatar takardar haihuwa, katin rigakafi, sakamakon jarrabawar shekarar da ta wuce, da takardar shaidar karatu mai sa hannu da hatimin daraktan lakwal. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa ba, ka je ofishin magajin gari a nuna maka hanyar samunta ta kotu. Abin yana ɗaukar lokaci, don haka ka fara da shi. Ka karɓi takardun lakwal kafin a tafi babban hutu, don in darakta ya tafi gona sai Oktoba. Ka yi kwafi uku-uku, ka ɗauki hoton kowace a waya, na asali kuma su shiga leda mai kauri. Takardun da Faransanci suke, saboda haka a Sakkwato ka nemi malamin Faransanci ya fassara su. Akwai masu koyar da shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Gargaɗi babba a nan: za a sami mai ce maka ka bari a yi wa yaro sabuwar takardar haihuwa ta can, a sauya garin haihuwa, a rage shekara. Kada ka yarda. Laifi ne, kuma ranar da yaron ya so komawa gida karatu ko aiki, takardunsa za su ƙaryata juna.

4. Ka gyara naka zaman. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan ƙasashen ƙungiyar yana shiga ba biza har kwana 90, wanda zai zauna fiye da haka kuma ya nemi katin zama. Nijar ta fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanen Nijar, Mali da Burkina Faso su yi zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Don haka ka shiga ta ƙofar Ilelar Najeriya da takardunka, ka tambayi ofishin shige da fice ƙa'idar da ke aiki a ranar. Ka tuna an rufe wannan iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har Maris 2024. Kada ka tsara karatun yaro a kan ƙetare iyaka kullum safiya.

5. Ka zaɓi lokaci. Shekarar karatu a Najeriya tana farawa a Satumba, ta Nijar a Oktoba. Mutanenmu sun saba tashi bayan girbi, sai yaro ya iske an kusa gama zangon farko. Ka je bincike a Yuni ko Yuli, makarantu suna buɗe, damina ta sauka. Iyali su iso a ƙarshen Agusta. In gona ta riƙe ka, ka tura uwargida da yara gaba, ka same su bayan an ɗaure damma.

6. Ka je kai kaɗai tukuna, da rana, ka sauka wurin ɗan gari ko mai masaukin da kuka saba ciniki. Ka fara daga inda za ka nemi abinci: Kasuwar Kara, babbar kasuwa, Tashar Ilela, ko wajen Kalambaina in aikin siminti ne ya kawo ka daga Malbaza. Daga nan ka ware unguwanni uku da ba su yi nisa ba. Sunayen da za ka ji sun haɗa da Runjin Sambo, Gidan Igwai, Tudun Wada, Mabera, Minanata da Arkilla. Kada ka ba dillali ko sisi a wannan zuwan.

7. A kowace unguwa ka nemo makarantu iri uku. Ta gwamnati: dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma kayan makaranta, littattafai da 'yan kuɗin ƙungiyar iyaye suna kanka, ajin kuma yakan cika maƙil. Mai zaman kanta: aji ba cunkoso, sai dai kowane zango da kuɗinsa, kuma ba duka ke da izinin gwamnati ba. Sai mai haɗa boko da Arabiyya, wadda ita ta fi dacewa da yaron da ya fito faranko-arab, domin Larabcinsa zai riƙe shi kafin Ingilishi ya zauna. Irin waɗannan sukan kai ɗalibai jarrabawar hukumar NBAIS. Makarantar kwana a wajen gari ka jingine ta, ganin halin tsaro a wasu sassan jihar.

8. Ka shiga makarantar da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka je da hantsi, wajen ƙarfe goma, ba tare da ka sanar ba. Ka gaisa da hedimasta, ka ce: "Malam, baƙo ne ni daga Ƙonni, yarana Faransanci suka yi. Yaya kuke yi da irinsu?" Wanda ya ce zai gwada yaro kafin ya ba shi aji, ya san aikinsa. Wanda ya ce "kawo kuɗi kawai, ko wane aji kake so", ka yi masa godiya ka fita.

Ka roƙi a bar ka ka leƙa aji uku ko huɗu. Ka ƙirga kawuna, ka duba ko malami yana ciki. Ka karɓi littafin yaron da ke zaune a baya, ba na gaba ba, ka buɗe shafukan ƙarshe: akwai jan biron malami? Kwanan watan na wannan mako ne, ko tun watan jiya aka daina gyara? Ko ba ka jin Ingilishi za ka gane wannan. Ka saurara ko malama tana yi wa ƙanana bayani da Hausa, don shi ne zai ceci ɗanka a watannin farko. Kafin ka fita ka duba randar ruwa, ban-ɗakin 'yan mata, da ƙofa: wa ke tsaronta lokacin tashi?

9. Ka nemi a rubuta maka kuɗin shekara gaba ɗaya. Zango uku ne a shekara, kuma abin da ake faɗa maka da baki yawanci na zango ɗaya ne. Ka sa a lissafa kuɗin fom, rajista, kayan makaranta, littattafai, jarrabawa, darasin yamma da bikin ƙarshen shekara. Ka tambayi ko ana ragi ga mai yara biyu ko uku, da ko ana karɓar biya kashi-kashi. Ka nemi ganin takardar izinin makarantar. Sannan ka tsaya bakin ƙofa lokacin tashi ka tambayi wani uba sau nawa aka ƙara kuɗi cikin shekara biyu.

10. Yanzu ka nemi gida, a kewayen makarantar da ta kwanta maka. Ka taka daga ƙofar gidan zuwa makarantar da tafiyar yaro. In ta wuce minti ashirin, ko sai an tsallaka babban titi, ka sake dubawa. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba: famfo yana zuwa? Nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da kura? Awa nawa ake samun wuta? Ka dubi gindin katanga, in akwai zanen laka har gwiwa, ruwa yana kwanciya a layin. Ka koma bayan isha'i ka ga su wa ke zama a bakin lungun. Ka duba nisan Islamiyya da asibiti.

11. Ka haɗa komai a lissafi guda. Haya, kuɗin makaranta, ruwa, da kuɗin kabu-kabu ko keke na kowane yaro: na rana ɗaya sau biyar, sau makonni kamar goma sha uku, sau zango uku. Nan za ka ga gida mai araha a bayan gari ya fi mai ɗan tsada kusa da makaranta cin kuɗi. In samunka da sefa yake, kada ka dogara da canjin yau, don naira tana hawa tana sauka. Ka bar rarar da za ta biya zango ɗaya ko kasuwa ta tsaya. Makarantar da za ka iya biya shekara uku a jere ita ce taka.

12. Ka karɓi gurbin makaranta kafin ka biya haya. A gida mun saba biyan wata-wata, a can yawanci na shekara ake nema a dunƙule, ga la'adar dillali. Ka ga mai gidan ido da ido, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, ka karɓi rasit. Ka tambayi ko akwai tsohon bashin wuta a kan gidan. Daga nan mai masaukinka ya raka ka wurin mai unguwa da limamin masallacin layin ka gabatar da kanka.

13. Zangon farko na sa ido ne. Ka biya na zango ɗaya kawai. Ka samo ɗalibin sakandare a unguwar ya riƙa zama da yaran rabin awa bayan la'asar suna karatun Ingilishi da ƙarfi. In da niyyar komawa gida, ka taho da littattafansu na lakwal, su riƙa bitar Faransanci ranar Asabar. Kowace Juma'a ka buɗe jakarsu ka duba littattafan, ka tambaye su da wa suke wasa, wa ke tsokanarsu. Bayan mako shida ka koma wurin malamin aji ka ji ta bakinsa. In yaro bai motsa ba har ƙarshen zango, ka nemi a rage masa aji ko ka sauya makaranta a hutun Disamba, kafin a buɗe zango na biyu a Janairu.