DARASIN YAU: IDAN UBA KO UWA NA FAMA DA CIWON DAMUWA, A LURA DA YARA



Ya kai magidanci, tun ambaliyar 2022 da ta cinye gonakin shinkafa a Haɗeja, Auyo da Kafin Hausa, wasu gidajen ba su koma daidai ba. Wani asara da bashi sun hana shi barci, wata kuma tun da ta haihu sai kuka da ƙin magana. Ciwo ne, ba raunin imani ba, kuma ba kowane ciwo ne na aljanu ba.

Waɗanda ake mantawa su ne yara. Mai wannan lalura haƙurinsa kaɗan ne, abu kaɗan sai tsawa da duka. Lura da ɗanka: fitsarin kwance bayan ya daina, firgita cikin barci, ƙin abinci, ja da baya a karatun allo.

Abin yi:

1. A kai mara lafiya Babban Asibitin Haɗeja, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Ruƙiyya da azkar su tafi tare da maganin likita, kar a ajiye shi.

2. A dama masa talbina, wato kunun garin sha'ir da madara da zuma. Hadisin Nana A'isha (RA) a Bukhari ya nuna tana rage baƙin ciki.

3. Kaka ko goggo ta karɓi hidimar yara, mara lafiya ya huta.

4. Zaunar da yaron ka ce masa: "Babarka ba ta da lafiya ne, ba laifinka ba ne."

5. Idan mara lafiya ya ambaci kashe kansa, kar a bar shi shi kaɗai. A garzaya asibiti ranar.

Yara amana ne, za a tambaye ka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. A tura wa 'yan uwa.