Wane Ice Za Mu Sa a Murhu a Wannan Sanyi?

'Yan'uwa, hunturu ya shigo. Daga Disamba zuwa Janairu murhu ba ya hutawa a Jangeru da ƙauyukan Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda. Ga ruwan wanka da asuba, ga girkin Kirsimati na baƙi da yaran da suka dawo hutu, ga jin ɗumi da dare. Kuma duk mun san shiga daji neman ice ya zama kasada ga mata da yara saboda 'yan bindiga. Don haka kowane ɗaurin ice da ya shigo gida, ya kamata mu san aikin da za mu ba shi.

Ice ba ɗaya ba ne. Marke, ƙirya da bagaruwa suna da nauyi, suna ci a hankali, garwashinsu yana daɗewa. Shi ya sa maƙera ke neman gawayin ƙirya. Irin waɗannan a ajiye su domin babbar tukunya, kamar ta wake ko naman biki. Sabara, geza da karan dawa kuwa nan da nan suke kamawa, nan da nan su mutu. Sun isa hura wuta ko ɗumama koko. Tumfafiya ba ta yin garwashin kirki, icen kuka kuma kamar soso yake, wahala ce kawai.

Amma ko marke ne, in ɗanye ne an yi asara. Kusan rabin nauyin sabon sara ruwa ne, sai wuta ta ƙone ruwan kafin zafi ya kai tukunya. Busasshen ice yana da tsaga a bakinsa, ɓawonsa yana saɓulewa, in aka buga biyu sai su yi ƙara. Wanda ke kumfa a gindi yana tsiyaya a murhu, a cire shi, a faskare, a jera a rana bisa duwatsu. Hayaƙinsa ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da yara ƙanana da yawa. Leda da roba ma, kada a hura wuta da su.

To ina za a samo? A ganinmu, sare gawo, ɗorawa, tsamiya ko aduwa domin girkin sati ɗaya ba dabara ba ce. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna wata hanya. Tun 1983 Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya fara aiki da manoma a kan sassaben zamani: in kututture ya toho a gona, a bar rassa kaɗan masu ƙarfi, a sare sauran. Abin da aka sare shi ne icen girki, a bakin gona, ba sai an shiga daji ba.

Abu na ƙarshe ya shafi dare. Kada a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kisa cikin barci. In wani ya fara ciwon kai, jiri ko amai, a fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa, a kai shi asibiti.